Talla ta Imel da Dokar Saƙonnin Shara: Tambayoyin da 'Yan Kasuwar Kebbi Ke Yawan Yi

Shagona na aikin kwamfuta yana Birnin Kebbi, kuma cikin ayyukan da nake yi wa jama'a akwai buɗe musu imel na kasuwanci da shirya wasiƙar da suke aika wa abokan cinikinsu wata-wata. Masu shinkafa suna zuwa, dillalan albasa na Aliero suna zuwa, haka masu makarantun kuɗi da sakatarorin ƙungiyoyin manoma. Tambayoyin nasu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Wanda maganarsa ta riga ta kai gaban hukuma, lauya zai nema. Wannan rubutu na mai son kada ta kai shi can ne.

Malam, mene ne ma saƙon shara? Tallan shinkafata ma shara ne?

Shi ne abin da Turawa ke kira sifam: saƙon da aka watsa wa mutane da yawa lokaci guda alhali ba su nema ba. Abu biyu ke haɗuwa su ba shi wannan suna, yawa da rashin izini. Kyawun kaya ba ya cikin lissafin. Shinkafarka tana iya zama tsaf, babu tsakuwa ko ɗaya, farashinka ya fi na kowa sauƙi a kasuwar Jega, amma idan ka cusa tallanta cikin akwatin mutumin da bai san ka ba, a wurinsa shara ce.

Saƙon da ake ɗauka shi ne na farko a tarihin wannan abu ba na ɗan damfara ba ne. A 1978 wani ma'aikacin kamfanin DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutane kusan 400 tallan sabuwar kwamfuta ta hanyar ARPANET, kakar intanet ta yau. Kwamfutar ta gaske ce, kamfanin na gaske ne, duk da haka mutane suka fusata. Ina yawan ba da wannan labari saboda masu zuwa wurina sukan ce, "Ai ni ba macuci ba ne." Na yarda, Alhaji. Shi ma ba macuci ba ne. Sallama ce bai yi ba.

Akwai dokar da ta hana wannan a Najeriya, ko maganar Turai ce kawai?

Akwai, sai dai a warwatse take.

Wadda ta fi shafar ɗan kasuwa ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, 2023. Ita ce ta kafa hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, NDPC, wadda Dakta Vincent Olatunji ke jagoranta. Kafin ta akwai ƙa'idar kare bayanai ta NDPR da hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta fitar a 2019. A ƙarƙashin dokar 2023, adireshin imel na mutum da lambar wayarsa bayanansa ne na kansa, ba dukiyar wanda ya tsince su ba. Dokar ta ce idan ka yi iƙirarin mutum ya amince, kai ne za ka kawo hujja. Ta ce shiru ba amincewa ba ne. Ta kuma ba kowa 'yancin ya ce a daina aika masa talla a duk lokacin da ya ga dama, kuma da zarar ya faɗa, magana ta ƙare.

Sai Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Sashe na 32 ya ambaci watsa saƙonnin shara da nufin dagula aikin kwamfuta, hukuncinsa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyun. A lura da sharaɗin "da nufin dagulawa". Mai tallan takin zamani ba shi ne wannan sashe ke farauta ba.

Ta uku ta saƙon waya ce. Tun 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta samar da lamba 2442, wadda mutum zai tura mata kalmar STOP a toshe masa saƙonnin talla.

To nawa ne tarar? Za a iya zuwa shagona a kama ni?

Dokar 2023 ta kasa masu riƙe bayanai gida biyu. Manya, irin bankuna da kamfanonin waya, ana iya cin su tara har naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Sauran kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100, shi ma duk wanda ya fi yawa. Wannan iyakar sama ce, ba farashin da aka yanka wa kowane laifi ba, kuma hanyar takan fara ne da ƙorafi da bincike da umarnin gyara.

Manyan kamfanoni ne aka fi ji an hukunta. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya yana cikin dalilan. Mai shago a Argungu ba ya cikin wannan sahu. Amma ba na son a fita daga nan da tunanin cewa ƙarami ya tsira. Hukuncin da ke samun ƙaramin ɗan kasuwa ba daga kotu yake zuwa ba. Daga Google, mai Gmail, yake zuwa, ba sammaci, ba ɗaukaka ƙara. Zan zo kansa.

Kasuwancina bai wuce Kebbi da Sakkwato ba. Ina ruwana da dokar Amurka ko ta Turai?

Idan duk masu karɓar saƙonka suna nan gida, kai tsaye ba ruwanka. Amma ta bayan gida ruwan ya riga ya shigo, domin kamfanonin da ake aika wasiƙa ta hannunsu, irin su Mailchimp, sun gina sharuɗɗansu a kan waɗancan dokoki, kuma duk wanda ya buɗe asusu ya amince da su ko ya karanta ko bai karanta ba.

Amurka tana da dokar CAN-SPAM ta 2003, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2004. Ita mai sassauci ce: ba ta wajabta neman izini tun farko ba. Abin da ta ce shi ne kada ka ɓoye ko kai wane ne, kada kan saƙonka ya yaudari mutum, ka rubuta adireshin inda kasuwancinka yake, ka ba da hanyar ficewa, kuma ka cire wanda ya nemi ficewa cikin kwanakin aiki 10. Tarar kowane saƙo guda ta haura dala 50,000. Kanada ta fi tsanani. Dokarta da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2014 ta ce sai da izini, kuma tarar kamfani tana iya kaiwa dalar Kanada miliyan 10. Tarayyar Turai tana da dokar kare bayanai ta GDPR tun 25 ga Mayu, 2018, mai tara har yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara. Tamu ta 2023 ta fi kama da ta Turai.

Mai sayar da riɗi ko fata da ke neman mai saye a Jamus, ko mai masauki da ke son jawo baƙi lokacin bikin kamun kifi na Argungu, shi kam ruwansa ne sosai.

Yaya ake karɓar izinin? Wanda ya taɓa sayen kaya a wurina ai ya riga ya yarda, ko?

Ya yarda ka aika masa rasit, ka sanar da shi motar kayansa ta tashi daga Yawuri, ka tuna masa ragowar kuɗin da ake binsa. Waɗannan saƙonnin ciniki ne, ba mai ƙorafi a kansu. Talla kuwa wani abu ne daban, kuma mafi aminci ka tambaye shi.

Tambayar ba ta da wahala, kuma dokarmu ta yarda a amince a rubuce, ko da baki, ko ta na'ura. Matsalar amincewar baki ita ce hujja. Abin da nake ba mutane shawara shi ne littafi mai bango mai ƙarfi a kan teburin shago. A saman kowane shafi a rubuta da Hausa: "Na yarda a riƙa aiko mini da farashin kaya sau ɗaya a wata, kuma zan iya cewa a daina duk lokacin da na so." A ƙasa suna, imel ko lambar waya, kwanan wata, sa hannu. Littafin nan ya fi wata manhaja mai tsada amfani ranar da wani ya ce bai san ka ba.

Idan ta intanet ake rajista, kada a bar akwatin amincewa a cike tun kafin mutum ya taɓa shi, dokar ta hana haka. Kuma a kunna tabbatarwa sau biyu, wato bayan mutum ya rubuta adireshinsa a aika masa saƙo ya danna ya ce lallai shi ne. Wannan yana rage yawan masu shiga, na sani, wasu ba za su danna ba. Amma a nan inda yaron shago ke rubuta wa kwastoma adireshi yana sauri, harafi ɗaya ya kuskure sai saƙonka ya riƙa sauka wurin wani baƙo a wata ƙasa, shi kuma ya kai ƙararka.

Abu ɗaya kuma: izinin da aka ba ka don shinkafa bai haɗa da tallan filayen ƙaninka ba.

An yi mini tayin adireshin imel dubu goma a kan kuɗi kaɗan. In saya?

Kada ka saya. Araha ba ta ado.

Wani dillalin albasa ya zo mini da irin wannan jeri a wayarsa, ya biya kuɗinsa, an gaya masa duk 'yan kasuwar Legas da Onica ne. Na roƙe shi ya haƙura, bai ji ba, ya je wani wuri aka loda masa. Kafin sati ya zagayo kamfanin aika wasiƙar ya rufe asusunsa, har da kwastomominsa na gaske da ya tara shekara da shekaru. Na ji zafin abin, domin mutumin kirki ne kuma neman halalinsa yake.

Ga abin da ke cikin irin waɗannan jerin. Da yawa adireshin sun mutu, saƙo ya je ya dawo, kuma yawan dawowar alama ce da na'urorin tacewa ke ganewa nan take. Wasu adireshin kuma tarko ne. Ƙungiyoyi masu yaƙi da saƙonnin shara irin Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, suna ajiye adireshin da babu ɗan'adam a bayansu kuma ba su taɓa yin rajista a ko'ina ba, don haka duk wanda ya aika musu saƙo ya tona wa kansa asiri. Daga nan sunan shafinka na intanet ko na'urar da ka aika da ita ta shiga baƙin littafi wanda kamfanonin imel da yawa a duniya ke dubawa. Sauran masu rai kuwa ba su san ka ba. A fuskar doka ma, wanda ya sayar maka ba zai iya sayar maka da amincewar wani ba.

Kwashe lambobin mutane daga zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ko na unguwa, shi ma hukuncinsa ɗaya.

Ban sayi jeri ba, kowa ya ba ni izini, amma saƙona yana faɗawa akwatin shara. Me ya sa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, domin masu yin ta su ne waɗanda suka bi ƙa'ida.

Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa, Microsoft ma ya bi sahu a Mayun 2025. Mafi tsananinsu sun shafi mai aika saƙo 5,000 zuwa sama a rana, amma wasu sun hau kan kowa. Na farko, sai saƙo ya zo da shaidar cewa daga inda ya ce ya fito nan ya fito. Shaidun uku ne, SPF da DKIM da DMARC. A sauƙaƙe: na farko jerin na'urorin da ka yarda su aika saƙo da sunanka ne, na biyu hatimi ne da ake bugawa a kan kowane saƙo, na uku umarni ne na abin da za a yi wa saƙon da ya zo da sunanka babu hatimin. Ƙaramin mai aikawa yana buƙatar aƙalla ɗaya daga cikin biyun farko, babba kuwa duka ukun. Ana saita su ne a wurin da ka yi rajistar sunan shafinka, aikin minti kaɗan ga wanda ya iya, bango ga wanda bai iya ba.

Na biyu shi ne ma'aunin ƙorafi. Google ya ce kada masu danna maɓallin "wannan shara ne" su kai kashi 0.3 cikin 100, wato uku cikin dubu. Yi lissafin da kanki, Hajiya: idan mutum 300 ne a jerinki, mutum ɗaya tak ya danna, kin taɓa layin. Kuma sau da yawa ba ƙiyayya ce ta sa shi dannawa ba. Ya nemi inda zai fice bai gani ba, ko ya manta ya taɓa ba ki adireshinsa saboda wata shida ba ki aiko komai ba.

Akwai kuma kurakuran da nake gani kullum. Mutum ya tura daga Gmail ɗinsa na kyauta zuwa ɗaruruwan mutane, alhali iyakarsa 500 ce a rana kuma ba don talla aka yi shi ba. Ko ya buɗe asusu a kamfanin aika wasiƙa amma ya bar adireshin mai aikawa na Gmail ne, sai hatimi ya ƙi dacewa da suna. Ko saƙon duka hoto ɗaya ne babu rubutu. Ko kan saƙon da manyan baƙaƙe, "GARAƁASA!!!". Mafi muni shi ne jera adireshin kowa a fili inda kowa ke ganin na kowa. Wata mai sayar da turaren wuta ta yi haka ba da sani ba, sai ga wani namiji cikin jerin ya shiga aika wa matan aure saƙonni. Ta yi kuka a shagona, kuma ta rasa kwastomomin da ba su dawo ba. Wannan fallasa bayanan mutane ne a idon doka. Idan dole sai an aika daga imel na hannu, a sa adireshin a gurbin Bcc, inda ba mai ganin na wani.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne ka mallaki sunan shafinka, misali mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su kuma ana biya da naira, a saita maka shaidun, ka fara aikawa kaɗan-kaɗan ga waɗanda suka fi saninka, sannan ka roƙe su su ajiye adireshinka ko su ba ka amsa ko da "na gani" ce.

Gaskiya ne ana tsangwamar saƙon da ya fito daga Najeriya?

Sunan ya ɓaci, wannan ba ɓoyayye ba ne. Lambar 419 sashe ne na kundin laifukanmu da ya yi magana kan damfara, amma yau duniya ta san ta a matsayin sunan wani nau'in wasiƙa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Abin da ke hannunka shi ne kada wasiƙarka ta yi kama da tasu: cikakken sunan kasuwanci, lambar rajistar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, idan kana da ita, adireshin shago, lambar waya da ake ɗauka. Ka guji buɗe wasiƙa ga baƙo da zancen maƙudan kuɗi da gaggawa.

Mu nan ai WhatsApp da saƙon waya muka fi amfani da su. Su ma haka ne?

Dokar 2023 ba ta bambanta imel da lambar waya ba. WhatsApp kuma yana da nasa shingen: jerin watsa saƙo ba ya wuce mutum 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai samu. Idan mutane suka yawaita toshe ka da kai ƙararka, ana iya rufe lambar, ita ce kuwa lambar da dillalai daga Kamba zuwa Zuru suka san ka da ita. Jefa mutum cikin zauren talla ba tare da tambayarsa ba shi ne hanya mafi sauri ta jawo haka. A tura masa gayyata, ya shiga da ƙafarsa.

Saƙon waya na talla kuwa ba zai isa ga wanda ya kunna 2442 ba, ko da ka biya kuɗinsa.

Idan na sa hanyar ficewa a fili, ai kowa zai gudu.

Wasu za su fita, kuma fitarsu alheri ce gare ka. Wanda ya danna "cire ni" bai yi maka illa ba. Wanda ya rasa ƙofa ya danna "shara" shi ne ya ja maka asara a wurin sauran mutum 299. Gmail yana son manyan masu aikawa su sa ficewa ta dannawa ɗaya, su kuma aiwatar cikin kwana biyu. Kai ma ka yi haka ko ba a tilasta ka ba. Kada ka kira mutum a waya kana tambayarsa laifin da ka yi masa. Ka ajiye sunansa a wani jeri na daban na waɗanda ba a sake aika musu, don kada yaronka ya mayar da shi bisa kuskure.

Makarantarmu da ƙungiyar manomanmu ba riba muke nema ba. Mu ma ta shafe mu?

Ta shafe ku, domin bayanan mutane kuke riƙe da su. Sanarwar taro ko ranar rabon iri ga membobi ba matsala. Miƙa lambobin membobi ga mai sayar da maganin feshi, ko ga ɗan takara lokacin zaɓe, wannan ne laifin. Makarantu su ƙara kula: wanda bai kai shekara 18 ba, amincewar iyayensa ko mai kula da shi ake nema.

Tsakani da Allah, Malam, waɗannan dokoki ba ƙananan 'yan kasuwa suke dannewa ba?

Ta wani ɓangaren suna yi, kuma ba zan ɓoye ba. Babban kamfani yana da lauya da injiniya a kan albashi. Mai injin casar shinkafa a Kalgo shi ne manaja, shi ne akawu, shi ne mai talla. Yawancin kamfanonin aika wasiƙa da dala ake biyansu, bayanansu da Turanci suke, kuma idan na'ura ta yanke maka hukunci babu ofishin da za ka je ka yi bayani. Ɗan damfara kuwa, wanda don shi aka kafa shingen, idan an rufe masa suna ɗaya gobe ya buɗe goma, domin ba shi da sunan da yake tsoron ɓatawa. Mai gaskiya ne ke da abin rasawa. Ina ganin ya kamata hukumar NDPC ta fassara ƙa'idojinta zuwa Hausa, ta zo ta zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Birnin Kebbi da Gusau, ba a tsaya Abuja da Legas kawai ba.

Amma sharaɗin izini kansa ba na adawa da shi ko kaɗan. Da babu shingen, akwatin kowa zai cika ya batse, kuma wanda zai fara nutsewa shi ne ƙaramin da ba shi da kuɗin talla a rediyo da talabijin. Tacewar nan ce ta sa wasiƙar mai shago ɗaya take iya zama a akwati ɗaya da ta banki. Kuma a wannan fage ƙarami yana da abin da babba ba shi da shi: ya san kwastomominsa ido da ido, sun gaisa, sun ci goro tare. Neman izini a wurinsa magana ce ta minti ɗaya.

Na riga na tara adireshi shekaru da yawa ba tare da na tambayi kowa ba. Yanzu yaya zan yi da su?

Ka zauna ka kasa su uku. Waɗanda ka saya ko ka kwaso daga wani wuri, ka goge su yau. Waɗanda kuka yi ciniki da su amma an daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, kada ka tura musu saƙo gaba ɗaya a rana guda, domin da yawa sun canja adireshi kuma dawowar saƙonnin za ta ɓata maka suna. Kanada ta ɗauki shekara biyu bayan ciniki a matsayin iyakar da ake ƙaddara mutum yana tune da kai, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ko a nan. Wanda ya wuce haka, ka bari sai ya sake zuwa shago ka miƙa masa littafin.

Kashi na uku su ne kwastomominka na yanzu. Su za ka tambaya ɗaya bayan ɗaya, a shago ko a waya ko cikin saƙon rasit na gaba: kana so in riƙa aiko maka da farashi duk farkon wata? Wanda ya ce e, ka rubuta ranar da yadda ya faɗa. Wanda bai amsa ba, ka bar shi a wajen jerin. Wasiƙar farko da za ka aika wa waɗanda suka rage, ka fara ta da tuna musu inda kuka haɗu da ranar da suka amince, ka sa adireshin shagonka a ƙasa, da layin ficewa a inda ido zai gan shi.